Yadda Na Kai Dokta Ɗaurin Aure a Kan Lokaci

Ku yaran nan da kuke cika mini shago da wayoyi a hannu, kowa ya ɗauki ƙanwarsa tana rawa ya ɗora waƙa a kai sai ya ce shi ma mai bidiyo ne, ku ja benci ku zauna. Jiya ɗayanku ya ce wai aikin nan namu danna jan maɓalli ne kawai. Ban tanka masa ba don ina cin ƙosai, amma maganar ta kwana a raina. Ni Sale, wanda Bauchi ta sani da Sale Kaset, na yi shekara talatin da ɗoriya ina bin bukukuwan garin nan da kyamara a kafaɗa. Yau zan ba ku labarin aiki guda ɗaya, wanda a kansa wani babban malamin jami'a ya kusa rasa izinin shiga ɗakin mahaifiyarsa, sai ku faɗa mini ko maɓalli ne ya yi shi.

A wurin Oga Sunday na koya, wani Ibo mai shagon hoto a bakin kasuwa, wanda ya fi ni iya ciniki da Hausa. Kyamarar lokacin, in ta wuni a kafaɗarka, washegari da ƙyar kake ɗaga hannu ka yi shafar kai a alwala. Batir a ɗaure a ƙugu, waya tana binka a ƙasa tana harɗe ƙafar tsofaffi, ga fitila mai zafin da take narkar da kwalliyar amarya tun kafin a kai ta gidan miji. Shekarar farko ko taɓa kyamarar bai bari na yi ba, fitilar nake riƙewa ina shan zagi daga ƙawayen amarya. Ranar da ya fara miƙo mini kyamarar kuwa, ya ja kunnena a kan abu biyu. Na farko, kada in kashe kyamara don in gaisa da kowa, ko da surukina ne. Na biyu, ya ce in sani mutane ba abin da ya faru suke saya a hannunmu ba, abin da suka so ya faru shi suke biya.

Aikin da ya fahimtar da ni magana ta biyun, ɗaurin auren 'yar wani ɗan kasuwa ne a Ƙofar Wambai. Kun san duk taron da ake yi a garin nan, in an ce ƙarfe goma to sai a shiga wanka ƙarfe sha ɗaya. Amma ban da ɗaurin aure. Shi kam liman yana da wasu aurarrakin suna jiransa, da ya ga waliyyi da wakili sun zauna sai ya fara, wani lokacin ma kafin lokacin da aka rubuta a kati, kuma kafin ka gyara zaman hularka an shafa fatiha. To a ranar, an watse ana kaɗe riguna sai ga wata doguwar mota ta tsaya, babban aminin uban amarya ya fito yana baza ƙamshi. Oga Sunday ko gezau. Ya tarbe shi, ya zaunar da shi a kan darduma, ya jawo mutum uku da ba su riga sun tafi ba ya jera su a gefensa, ya ce Alhaji a ɗaga hannu a ce amin. Alhaji ya ɗaga, har da lumshe ido. Da muka koma shago muka haɗa na'urar kaset biyu, wannan tana kunnawa waccan tana ɗauka, muka tsinke addu'ar liman a tsakiya muka cusa Alhaji. Da matan gidan suka kalla, har cewa suka yi ai shi ya fi kowa nutsuwa a wurin.

Ku lura da wannan, domin shi ne ginshiƙin sana'ar. Mata ba sa zuwa ɗaurin aure. Uwar amarya da kakarta da gwaggonninta, duk abin da suka sani game da wanda ya zo da wanda bai zo ba, daga hannunmu yake fitowa. Saboda haka rabin aikina tun daga lokacin shi ne kai makararru wurin taro a kan lokaci. Na kai 'yan siyasa, na kai surukai, na taɓa kai ango kansa. Amma aikin yana da ƙa'ida. Sai ka kula da inuwa, kada a hoton liman ta kwanta yamma a hoton baƙonka kuma ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Sai ka kula da tiren goro, kada ya cika ya ƙare ya sake cika. Sai ka kula da wanda ka ara ya zauna a gefe, kada a gan shi a wuri biyu yana cewa amin sau biyu.

Daga kaset muka koma faifai, daga faifai muka koma kwamfuta, duk na bi na koya ina gunaguni. Wayoyin nan naku sun rage mana kasuwa, amma ba su kashe mu ba. Shekarar da ta kusa kashe mu ita ce shekarar kulle, lokacin annobar nan da aka hana taro. Aure bai tsaya ba, mutane suna ta yi, amma mutum biyar a zaure, ba sanƙira ba kiɗa, wa zai kira mai bidiyo? Na sayar da janareto, na sayar da fitilu biyu, har na fara tunanin kasa lemo a ƙofar shagon nan. Ana cikin haka wani maƙwabcina ya haɗa ni da Dokta Kabiru, malamin fiziks, wato kimiyyar haske da motsi, a jami'ar da ke can Gubi. An rufe makaranta, yana son a ɗauki laccocinsa a tura wa ɗalibai a waya.

Ranar farko na isa gidansa da hantsi kamar yadda muka yi, matarsa ta ce ya ɗan fita. Na sha kunu, na yi azahar, na ci tuwo, sannan ya shigo da takardu a hammata yana ba ni haƙuri. Mutum ne siriri mai fara'a, ba ya raina kowa, amma tun da nake ban taɓa ganin wanda lokaci ya raina irinsa ba. Kuma abin dariyar, darasin da zai koyar ɗin gaba ɗaya a kan lokaci ne. Ya jingina farin allo a kan kujerar falo, na kafa kyamara, ya dubi gilashinta ya fara da cewa wannan "yanzu" da kowa yake taƙama da ita, ba ta kowa da kowa ba ce, kowa da tasa.

Ni dai aikina in ga hoto ya fito, amma kunne ba ya rufuwa. Ya ce haske ma tafiya yake yi, ranar da kake gani ta ɗan jima da aiko hasken, tauraro kuwa wani tun kafin a haifi kakanninmu ya aiko nasa. Ya ce da kana da ɗan'uwa a wani tauraro mai nisa, ka tambaya me yake yi yanzu, tambayar ba ta da amsa guda. Mutum biyu da suke tafiya da gudu daban za su iya saɓawa a kan abu biyu wanne ya riga faruwa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Da muka tsaya shan ruwa na ce masa ai na san wannan, in na ɗauki makaɗi daga nesa hannunsa yana sauka kafin ƙarar ta iso. Ya yi murna ƙwarai, ya ce na taka bakin ƙofa amma ɗakin ya fi haka zurfi, domin su mutum biyun nan ko sun cire jinkirin isowar labari, lissafinsu ba zai haɗu ba. Na ce to Allah ya kyauta, na koma bayan kyamarata.

Wata rana kuma ya ce agogon da ke kan dutse ya fi na gindin dutse sauri, wanda ke gudu kuma ya fi na zaune nawa, har taurarin ɗan'adam da suke nuna muku hanya a waya sai an riƙa gyara musu agogo, in ba haka ba su kai ku wata unguwar. Na tambaye shi ko shi ya sa kullum yake makara, wataƙila Gubi a kwari take. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bambancin ko a tsawon rayuwar mutum bai kai ƙiftawar ido ba, tasa makarar ta gado ce daga kansa.

Laccar da ta tsaya mini a rai ita ce wadda ya ce in zo masa da tsohon kaset. Ya ɗaga shi ya tambayi ɗaliban ina farkon bikin da ke ciki, ina ƙarshensa. Ya ce duk ga su a hannunsa a tare, kan na'ura ne kawai yake bin zaren yana haska wuri ɗaya, mu kuma mu kira wurin yanzu. Ya ce akwai masanan da suke ganin haka duniya take, jiya tana nan gobe tana nan, mu ne muke bi ta kansu, akwai kuma waɗanda suka ce sam, gobe ba a ɗauke ta ba tukuna. Na kasa haƙuri na ce daga bayan kyamara, in an riga an ɗauka to wahalar me muke yi? Ya ce nan ne masanan suke ta dambe, shi ma bai da amsa, amma ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, wanda ke cikin fim ɗin bai ga gaba ba, dole ya tashi ya nemi abincinsa. Da na kashe kyamara ya daɗe yana juya kaset ɗin a hannu. Sannan ya ce mini yayansa Usman ya rasu shekarun baya, kuma wani lokacin yana samun sauƙi in ya tuna cewa wataƙila Usman yana nan a nasa yankin na zaren, kamar yadda Jos take nan ko kana Bauchi. A ranar ne na ji cewa ko jana'izar bai samu ba, ya iso an dawo daga maƙabarta, kuma mahaifiyarsu ba ta manta ba.

Bayan an buɗe gari, harka ta fara dawowa, sai ya kira ni ya ce za a aurar da Zainab, 'yar marigayi Usman, ni zan ɗauka. Shi ne waliyyi. Za a ɗaura a masallacin unguwarsu marigayin a Fadaman Mada. Mahaifiyarsu, wadda kowa yake kira Inna, tana tsohon gidansu a Ƙofar Wambai, ciwon ƙugu ya hana ta fita ko tsakar gida sai an riƙe ta. Ta kira shi gaban 'yan'uwa ta ce bai binne Usman ba, to ya tabbata da bakinsa aka ba da 'yar Usman. In ya sake aka yi babu shi, kada ƙafarsa ta ƙara taka ɗakinta. Ta kuma ce ba za ta ji daga bakin kowa ba, sai ta gani da idonta a bidiyo.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, na isa da wuri na kafa kayana a gindin wata bishiyar dogon yaro. An shimfiɗa tabarmi, an kawo goro da dabino da alawa, dangin ango sun cika wuri, liman ya zauna yana duba agogo. Babu Dokta. Daga baya ya gaya mini abin da ya faru, kuma wallahi da wani ne ya faɗa da na ce ƙarya ne. Wai zama ya yi ya auna duk tarukan da ya taɓa zuwa a Bauchi, ya ga babu wanda aka fara a kan lokaci, sai ya fitar da matsakaicin jinkiri ya ƙara a kan abin da ke jikin kati. Bai sa ɗaurin aure a lissafin ba, saboda bai taɓa isa wani da wuri ba balle ya san yaushe ake farawa. Liman ya ce yana da wani auren a gaba. Aka kira Dokta a waya, yana cikin keke ko rabin hanya bai yi ba, ba yadda zai yi, ya wakilta Baffa Sule, ɗan ƙanin mahaifinsu. Baffa Sule ya gyara babbar riga ya ba da aure da murya kamar mai sanarwa a rediyo, aka shafa fatiha.

Liman ya tafi, rabin jama'a sun watse, sai ga Dokta ya diro daga keke hula a karkace. Ya dubi tabarmin, ya dube ni, ya yi tsuru-tsuru. Na tausaya masa ƙwarai, don na san abin da ke jiransa. Na ja shi gefe na ce ai shi ya koya mini cewa gaba da baya ya danganta da mai kallo, ya je ya yi wa Inna wannan bayanin mana. Ya girgiza kai.

"Malam Sale, wannan sai abubuwan da suka yi nisan da labari ba zai iya zuwa daga ɗaya zuwa ɗaya ba. Ni kuwa an kira ni a waya. Ko daga wane tauraro aka leƙo, na makara."

Na ce to tunda ilminsa ya ƙare a nan, ya zauna a ga nawa. Ya bi mazan da suka rage ɗaya bayan ɗaya yana roƙo kada maganar ta shiga cikin gida, kowa ya yi alkawari, Baffa Sule har da dafa ƙirji. Ni kuma na zaunar da shi a inda waliyyi yake zama, na ce kada ya motsa, na ɗauke shi ta kusa, na ɗauke shi ta nesa, na sa ya ɗaga hannu ya shafa. Amma tun ina ɗauka na san akwai matsala. Tiren gabansa babu komai sai ƙwallayen dabino, ƙasa duk ledar ruwa da bawon alawa, a bayansa kuma ladanin masallacin yana ta naɗe tabarmi, na yi na yi ya dakata ya ce shi ma yana da uzuri.

Washegari Dokta ya zo shagon nan, ya zauna daidai inda kai mai jar riga kake zaune, muka jera hotunan a kwamfuta. Ko makaho ya san wannan mutum bayan taro ya zo. Muna ta kallo, hannuna ya zame na ja hoton baya. Sai ga ladan yana warware tabarma yana shimfiɗawa, ɗaya bayan ɗaya, tsaf, Dokta kuma yana zaune a tsakiya bai motsa ba. Muka dubi juna. In aka juya hoton, ba makara ya yi ba, shi ne ma ya riga kowa zuwa, tun ana shimfiɗa.

Dokta ya miƙe tsaye don murna, ya manta a cikin masifa yake, ya fara lacca. Ya ce abin da yake ta faɗa wa ɗalibai ke nan, dokokin da ke tafiyar da ƙananan abubuwan da aka gina duniya da su kusan duk ba ruwansu da gaba ko baya, in ka juya su daidai suke aiki. Mutum a zaune, ko abu mai lilo, ba ka gane an juya shi. Abin da ke tona asiri shi ne zubewa da fashewa da gaurayewa, domin hanyoyin da abu zai watse sun fi hanyoyin da zai taru yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa sukari yake narkewa a shayi amma ba a taɓa ganin ya tattaru ya koma cokali ba. Ya ce wataƙila duk bambancin jiya da gobe daga nan ya samo asali. Na ce madalla, to ya zauna mu nemi abin da ya zube, don Inna ba ɗalibarsa ba ce.

Nan fa aiki ya fara, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne, masu cewa maɓalli. A gefen dama akwai wani dattijo da yake ciro dabino cikakke daga bakinsa yana ajiyewa a tire. Na yanke shi. A can baya wani yana alwala, ruwa yana tashi daga ƙasa yana shiga buta. Na matso da hoton har ya fita. Wata akuya ta ratsa da baya da baya, tana tafe tana ajiye bawon ayaba daga bakinta, ita kam sai da na raba hoton biyu na jefar da tsakiyar. Ledojin ruwa na rufe su da rubutun fatan alheri da furanni a ƙasan hoto, irin wanda mata suke so. Inuwar dogon yaro ta ba ni wahala fiye da komai, sai na rage hasken duka bikin har ba a gane inda ta kwanta. Akwai gumin da ke goshin Dokta, wanda yake hawa sama yana shigewa ƙarƙashin hula. Shi na bar shi, na ce ai yana nuna mutum yana ƙara samun nutsuwa.

Saura sigar ba da aure. Na rufe ƙofar shago, na sa shi ya faɗa a makirfo: "Na ba shi auren 'yata Zainab bisa sadakin da aka ambata." Sau uku muryarsa tana rawa a kan kalmar 'yata, sai a na huɗu ta fita. Na ɗora hayaniyar jama'a a ƙarƙashi, na sa hoton liman yana gyaɗa kai. Baffa Sule kuwa, da babbar rigarsa da muryarsa ta rediyo, na share shi kaf daga auren, babu abin da ya rage nasa sai gwiwa ɗaya a kusurwar hoto. Da muka kalla daga farko har ƙarshe, ni kaina na fara shakkar ko Dokta ya makara. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ba na jin zan sake.

Bayan la'asar ranar da aka sa za a nuna wa Inna, na ɗauki talabijin ƙarama a keke muka nufi Ƙofar Wambai. Dokta ya riga ni isa, abin da ya ba ni tsoro. Ɗakin Inna ya cika da mata, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, ita tana kishingiɗe a gadon ƙarfe da tabarau a hanci, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Ni aka ba ni hanya na shiga na haɗa waya. Dokta kuwa, da digirorinsa da furfurarsa, ya tsuguna a dokin ƙofa ta waje, labule a kafaɗarsa, don ba a ce ya shigo ba tukuna.

Na kunna. Ga masallaci, ga dogon yaro, ga Dokta zaune shi kaɗai ana shimfiɗa tabarmi kewaye da shi. Matan suka fara salati suna cewa ashe Kabiru ya shiryu. Ga liman, ga sadaki, ga muryar Dokta tana ba da aure, ga fatiha. Aka yi guɗa. Inna kuwa ta gyara tabarau. Ta ce in mayar farko, na mayar, ta sake kallo har ƙarshe, ni kuwa ina satar kallon fuskarta, ina tunanin ko akuyar nan ta bar wutsiya a wani wuri. Da ya ƙare ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta sallami matan ta ce su ba ta wuri. Na tashi zan bi su ta ce in zauna.

"Kai mai hoto, sannu da aiki. Matar Sule ta zo nan tun ranar, ko la'asar ba a yi ba, tana yi mini burga wai mijinta ne ya ba da jikata."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin gadon. A bakin ƙofa kuma Dokta ya ɗago kai. Ya buɗe baki zai yi magana ta ɗaga masa hannu. Ta ce ta kwana uku tana jiran ta ga da wace fuska zai zo mata, ta shirya maganganun da za ta faɗa masa, har ta tanadi wanda zai kwashe masa sauran kayansa da ke gidan. Ta dubi talabijin ɗin, inda hoton ya koma farko ya tsaya. Ta ce yaron nan haihuwarsa ma sai da ya wuce watansa, makaranta da bulala ake kai shi, ranar aurensa sai da aka aika nemansa, ranar da Usman ya tafi kuwa ba ta son tunawa. Ta ce shekarunta sun kai inda suka kai, kuma ba ta taɓa ganin Kabiru ya riga kowa zuwa ko'ina ba sai yau. Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara wayar da ba ta lalace ba.

"Na san ƙarya ce," in ji ta. "Amma an sha wahala a kanta, kuma ta yi kyau. Kabiru, shigo ka zauna nan kusa da ni, ka ga yadda abin yake in mutum ya zo da wuri."

Ya shigo da rarrafe, ya zauna a ƙasa ya jingina kansa da ƙafar gadon, hawaye yana bin gemunsa. Ta ɗora hannu a kan hularsa ba ta dube shi ba, ta mayar da tabarau, ta nuna mini talabijin da haɓa.

"Mayar mini daidai wurin da yake zaune shi kaɗai yana jiran mutane. Kada ka wuce, nan nake so."